Kuɗin Adashe Tsakanin Bangon Gida da Hanyar Kumasi

Tun da na dawo daga Birmingham ban huta da tambaya ba. A ƙofar makarantar su Amina, a shagon nama, har a wurin GP, likitan unguwa, ƙawata Sadiya ta tare ni tana cewa, "Rukaya, wai da gaske kin shiga coach, babbar motar nan ta zuwa wani gari, ke kaɗai da yara biyu, kuma kin dawo da ranki?" Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, bakina ya huta. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Amma abin da idona ya gani ba na mantawa.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, ni 'yar zangon Kumasi ce, aure ya kawo ni Manchester. Mijina, Baban Amina, direban bas ne. Ni kuma ina dafa wake da shinkafa a ƙarshen mako ga masu oda. Muna da ɗan ƙaramin gida ba nisa da Withington, na mortgage, wato banki ya biya, mu kuma muna biyansa duk wata da ruwa a kai. Tun da na sauka a ƙasar nan ban taɓa fita daga garin ba. Ko bas ɗin da ban saba da lambarsa ba, ba na shiga.

Kafin tafiyar, gidanmu ba daɗi. Abu biyu ne suka haɗu. Adashen da muke zubawa ni da shi, wanda a Kumasi muke cewa susu, ya zagayo kanmu, muka kwashi kuɗin da ban taɓa ganin irinsa a wuri ɗaya ba. Sannan yarjejeniyarmu da banki ta kusa ƙarewa, suka ce mu zo mu zaɓi sabuwa. Wani saurayi mai taye ya ba mu hanya biyu. Ko mu zuba kuɗin cikin bashin ya ragu, ko mu ajiye shi a wani asusu da suke kira offset. Ya yi ta bayani da Turanci mai sauri, ina ta gyaɗa kai, ban gane komai ba. Abu ɗaya kawai na kama: wanda aka zuba cikin bashi ya tafi, ba ya dawowa.

Baban Amina ya ce a zuba duka. Ni kuma ban yarda ba. Mahaifiyata, Mma, tana Kumasi da hawan jini da ciwon sukari, kuma ni kaɗai ce 'ya mace a wurinta. Ran da aka ce ta kwanta, ni ce mai jinya. Tikitin gaggawa na mutum uku ba abin wasa ba ne, ga asibitin can ba sa taɓa mutum sai an biya. Na ce masa, "Idan kuɗin ya shiga bango, da me zan je wurin Mma?" Sai ya ce, "Ba na son bashi, Rukaya," ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki. Kullum amsar ke nan. Mutumin da ba ya hana ni komai.

Ana cikin haka aka aiko mana da gayyatar suna. Gwaggonsa, Hajiya Memuna ta unguwar Handsworth a Birmingham, ta yi jika. Shi yana da aiki har Asabar, sai ya ce in yi gaba ranar Juma'a da yara in taya girki, zai same mu ran Lahadi da safe. Na ce ba zan iya ba. Ya ce zan iya. Ya saya mana tikiti, magana ta ƙare.

Na isa tasha tun kafin a buɗe ƙofar motar. Sulemana a goye, Amina a hannu, jaka a kafaɗa, ga bokitin shito, yajin nan namu mai mai da kifi, da na kwana biyu ina soyawa don gudummawa. Na naɗe shi da leda na ƙara da tsohon zane. Direba ya sa shi a ƙasan mota wurin akwatuna, ya ja hanci ya dube ni.

Kada ku yi dariya, amma na ɗauki fasfo ɗinmu duka uku, da takardar haihuwar yara, da katin asibiti. Lokacin da nake yarinya na taɓa raka Mma Lome saro atamfa, na ga yadda aka yi da mu a bodar Aflao, ana sauke mu ana zazzage kaya. Na ce wannan ma wani gari ne, wa ya sani? Duk hanyar hannuna yana kan jaka ina jiran shinge. Ba shinge, ba ɗan sanda, ba mai tambayarka ina za ka. Tumaki kawai nake gani a fili, masu ƙiba, babu mai kiwonsu.

Kusa da ni wata tsohuwar Baturiya ce mai farin gashi, za ta je ganin ƙanwarta. Sulemana ya fara rigima, na shiga ba ta haƙuri. Sai ta miƙo hannu ta ce in kawo shi. A gida duk wanda ya miƙo hannu a mota sai ka ba shi yaro, amma a nan an ce mana kowa tasa ta fishshe shi. Na dai miƙa. Yaron nan ya kama sarƙar wuyanta yana ja, tana yi masa waƙa, har ya yi barci a ƙirjinta. Amina kuwa ta sake baki da Turancin Manchester, ta gaya mata sunan malamarsu, da sunan titinmu, da cewa babanta da mamanta suna faɗa a kan banki. Na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera.

Mun tsaya a Stoke. Ni na zaci za a yi kamar Nkawkaw ta kan hanyar Kumasi, inda mota ba ta gama tsayawa ba masu burodi da dafaffen ƙwai da yaji sun rufe tagogi. Har na gaya wa Amina za mu sayi ƙwai. Mutum biyu suka hau, ƙofa ta rufe, muka wuce. Ta yi ta tambayata ina ƙwan har Birmingham.

A tashar Digbeth ne abin ya faru. Da aka buɗe wurin kaya, ƙamshin shito ya bugi kowa. Murfin ya sassauta, mai ya bi ta cikin zanen ya je ya sami akwatin mutum ɗaya tak, kuma na tsohuwar nan ce. Jan mai ya zana taswira a gefensa. Hawaye suka zo mini, ina goge akwatin da gefen mayafina ina cewa zan biya. Ta lakato man da yatsa ta ɗanɗana, ta yi tari har idonta ya kawo ruwa, sannan ta fashe da dariya. Ta ce akwatin ya girmi ni, kuma bai taɓa yin ƙamshi mai daɗi haka ba. Ta shafa kan Sulemana ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba.

Handsworth ta ba ni mamaki. Na sauka daga bas a Soho Road na ji kamar kasuwar Kejetia ta Kumasi aka ɗauko aka sa mata sanyi: doya a bakin shago, ayaba, masu rawani, masu hula, kiɗa daga kowace ƙofa. Amma gidajen layin Gwaggo duk uwa ɗaya ta haife su, jan bulo a jere, manne da juna. Na ƙwanƙwasa ƙofar da nake zaton ita ce, sai ga wani dattijo ɗan Jamaika da silifa da jarida. Kafin in buɗe baki ya dubi bokitina ya ce gidan Mama Memuna nake nema, ƙofa ta gaba, kuma in gaya mata yana jiran kwanonsa na suna.

Gwaggo Memuna mace ce mai jiki da murya. Ta yi shekaru tana goge ofisoshi da asuba, da rana kuma tana kula da tsofaffi. Ta rungume ni ta ce, "Amaryar Razak, yau an fito daga rami!" Razak shi ne sunan Baban Amina, haka take kirana har yanzu, ga yara biyu. Ta ba mu ɗakin can sama ƙarƙashin rufi, matakalarsa a tsaye kamar tsani, ina hawa ina salati. Ta yi mana tuwon zafi da miyar ayoyo mai yauƙi, irin wanda rabona da shi tun a gida. Muna ci ta daki bango da tafin hannu ta ce, "Kin ga wannan? Nawa ne har ƙusa. Ba mai bi na ko kwabo."

Washegari da safe muna kicin muna tsince wake, ni da ita kawai, ta ce, "Fuskarki ba ta gaishe ni ba tun jiya. Mene ne?" Na kwashe komai na gaya mata.

Ta ce, "Ni abin da Razak yake so, shi na yi. Duk kwabon da ya shigo, bango. Lokacin ma ban san akwai wani offset ba."

"To Gwaggo, kina ganin shi ke da gaskiya?"

Ta zubar da tsakuwar hannunta. Ta ce, "Shekarar da babana ya kwanta, ina da gida rabi nawa, ba ni da kuɗin jirgi. Na bi ƙofa-ƙofa a garin nan ina neman aro. Kafin ya haɗu an yi sadakar bakwai. Na je na tarar da tabarmarsa a naɗe."

Na ajiye waken da ke hannuna.

"Kada ki ce na ce na yi kuskure," in ji ta. "Ban ce ba. Yau ina barci ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa. Abu biyu ne, kowanne da kuɗinsa." Sai ta dube ni ta gefen ido. "Amma ke, kin san abin da ya sa mijinki yake gudun kuɗi a hannu? Ba bashi yake tsoro ba. Kawu Alhassan yake tsoro."

Kawu Alhassan wan mahaifin Baban Amina ne, shi ne babban gidansu a Kumasi. Gwaggo ta ce a gidansu akwai wata ɗabi'a tun ta kakanni. Idan aka nemi taimako wurin ɗan gida ya ce babu, babban gida zai karɓi magana ya ce, "Rantse." In ka rantse, shi ke nan, ba mai ƙara damunka, ba mai riƙe ka a zuciya. In ka kasa, to akwai, kuma sai ka fitar. Ta ce kuɗin farko da Razak ya tara a ƙasar nan, kafin ya aure ni, haka ya narke: kwanon rufi, bikin wance, jarin wane, bizar wani da bai ma samu ba. Shi kuwa ko za a yanka shi ba ya rantsuwa a kan ƙarya.

"Kuɗin da ya shiga bango," in ji Gwaggo, "shi kaɗai ne kuɗin da mutum zai ce wallahi ba ni da shi, kuma ya kwana lafiya. Ni ma don haka na yi. Kina tsammanin son bulo ne?"

Shekarun nan ina zaune da mutum, ina jin yana fita tsakar gida da waya yana magana ƙasa-ƙasa, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Kunya ce ta hana shi gaya mini cewa danginsa yake ɓoye wa kuɗi. Tausayinsa ya kama ni. Amma tausayin bai kai ni Kumasi ba.

Da rana aka tura ni sayayya Sparkhill tare da Anti Binta. Ita ƙanwar mahaifiyar mai jego ce. Ɗan Gwaggo 'yar Kano ya aura, danginta duk likitoci da injiniyoyi, ita Anti Binta akanta ce. Na ji tsoron shiga motarta, don har takalmina na duba. Ashe mace ce mai barkwanci. Tun kafin mu fita layin ta fara tsokanata wai mu 'yan Gana mun kashe mace a Hausa, kowa "ya zo, ya tafi". Na ce mata maƙwabciyata Bakanuwa ta riga ta gyara mini baki da gori. Ta ce to Allah ya saka mata.

Stratford Road kuwa ido ba ya hutawa. Shagunan zinare, kayan amare na Pakistan masu walƙiya, turare, tukwanen da yaro zai kwanta a ciki. A Kumasi in ka taya kaya aka ce albarka, ka juya baya sai a kira ka. A nan na taya wani mayafi, na juya ina tafiya a hankali ina jiran kira, har na kai ƙofa ba wanda ya ɗago kai. Sai da na koma da ƙafata na biya. Anti Binta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta sayo mini wani abin zaƙi mai lanƙwasa, ja-ja, kamar alkaki amma ya fi shi zuma, muka zauna a mota muna ci muna lasar yatsu.

Nan na yi ƙarfin hali na ce, "Anti, don Allah, mene ne offset? Da Hausa."

Ta goge hannu ta ce, "Kin san mai shagon da yake bin ki bashi, yana ɗora miki ruwa? To ki ɗauki buhun shinkafarki ki ajiye a shagonsa. Muddin buhun yana nan, zai cire kuɗin buhun daga bashin kafin ya lissafa ruwa. Buhun naki ne. Ran da kike so, ki je ki ɗauki abinki, shi kuma ya koma lissafa ruwa a kan duka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kuɗin ba ya haifa miki komai, ba a ba ki ruwa, wanda ma ya fi kwanta wa irinmu a rai. Yana dai rage wanda ake ɗora miki, kusan kamar kin biya."

"To me ya sa kowa bai yi ba?"

"Don mai shago ba wawa ba ne. Sau da yawa rate ɗin offset, wato yawan ruwan da ake ɗorawa, ya ɗan fi tsada. In abin da kika ajiye kaɗan ne, kin yi asara. Sannan ga ƙaiƙayin hannu. Kuɗin da kike gani a waya kullum, yau kujera, gobe biki, kafin ki farga buhun ya zama leda." Ta ce ita da maigidanta ma ba su taɓa yarda da juna a kan wannan ba, shi mai zubawa ne, ita mai ajiyewa.

Na ce ta zaɓa mana. Ta ce, "A'a, ƙanwata. Lissafi zan iya yi miki. Wanda zai hana ki barci, ke kika san shi."

Ran Lahadi aka yi suna. Maza suka taru da safe aka yi addu'a, aka raba dabino da goro, yarinya ta ci sunan Gwaggo. Ragon kuwa ba wanda ya ga idonsa. A wata gona aka yanka, ya iso a kwalaye da lamba a jiki. Da rana mata muka cika wani ɗakin taro. 'Yan Kano suka jera masa da miyar taushe da dambun nama, mu muka jera wake da shinkafa da taliya da ƙwai da abin da ya rage na shitona. Su suna zaune a natse, gyale a kafaɗa, suna gaisawa a hankali. Mu kuwa da aka saki kiɗa, Gwaggo ce ta fara shiga fili. Wata Hajiya daga cikinsu ta ce yajinmu zai kashe mutum, na kuma gan ta sau biyu tana komawa da faranti.

Baban Amina ya iso tun safe a motar abokinsa, amma ban samu keɓewa da shi ba. Bayan la'asar, an dawo gida ana raba sauran abinci a robobi, Gwaggo ta aika a kira shi falo. Ta ce Anti Binta ma ta zauna. Ni ina bakin ƙofa da Sulemana a cinya.

"Razak," in ji Gwaggo, "na gaya wa matarka labarin Kawu Alhassan."

Ya sunkuyar da kai yana murza hula. "Gwaggo, ai da kin bari."

"Ban bari ba. Kai kana tsoron waya daga gidanku, ita tana tsoron waya daga gidansu, kuna kwana ɗaki ɗaya kowa da nasa. Yanzu in tambaye ka. Kawu zai iya kiran matarka ya ce ta rantse?"

Ya ɗago da sauri. "Haba Gwaggo! Surukarsa? Ko gaisawa suke yi sai ya miƙa wa wani wayar."

"To dukiyar mace a gidanmu, ta wa ce?"

"Tata ce."

Gwaggo ta juya wurin Anti Binta. "Ke mai boko. Wannan buhun shinkafar da kika gaya mata, dole sai da sunan miji?"

Anti Binta ta ce tunda sunansu biyu ne a kan mortgage, akwai bankunan da suke yarda asusun ya zama da sunan ɗaya kawai, amma ba duka ba, sai mun tambaya, kuma mu sa su rubuta mana bambancin rate ɗin mu gani da idonmu.

Na ga fuskar Baban Amina ta fara washewa. Ya ce, "Wato in ajiye a wurinta."

"A'a!" Gwaggo ta daki hannun kujera. "Ajiya taka ce. In ka rantse a kan ajiya ka yi ƙarya, kuma ni ba za a yi wa Allah wayo a falona ba. Kyauta za ka yi mata. Ka ba ta, ya fita daga hannunka har zuciya, ga shaidu biyu."

Na dubi Baban Amina. Guminsa ne na shekaru, tashin asuba cikin sanyi, fasinjoji masu zagi. Na buɗe baki in ce a bar maganar, Gwaggo ta harare ni na rufe.

Can ya yi murmushi ya ce, "In ta gudu da shi fa?"

Gwaggo ta ce, "Wa? Wadda ta zo Birmingham da fasfo?"

Amina ce ta tona ni, ban san yaushe ba. Anti Binta ta kwanta a kujera don dariya, shi ma ya yi har da hawaye. Da ya natsu ya ce yana da sharaɗi. Wani kaso zai zuba a bashin, don ransa yana so ya ga ya ragu, kuma duk wata in an samu rara zai ƙara ko kaɗan ne. Sauran, wanda zai isa jirgi da asibiti har da saura, ya ba ni. Ya faɗa da bakinsa, da cikakken sunana, ya ce ya ba ni halak malak. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Gwaggo ta ce, "Share hawayenki, ba a gama ba. Ke ma kina da dangi. Kuma ke ba ki da bangon da za ki ɓuya a bayansa."

A motar abokinsa muka dawo, yara suna barci, bokitin shito wanke tas cike da masa. Cikin satin muka je banki. Saurayin mai taye ya ce ana yi. Rate ɗin ya ɗan fi, kamar yadda Anti ta faɗa, muka tura mata hoton takardar, ta duba ta ce da abin da za mu ajiye ba mu faɗi ba. Na sa hannu.

Ba a jima ba Kawu Alhassan ya kira, wai ana son a canza motar gida. Baban Amina bai fita tsakar gida ba. A falo ya zauna, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce akwai ɗan abin da zai aika daga albashi, amma kuɗin adashe wallahi ba shi da shi. Kawu ya sa masa albarka suka yi sallama. Ranar har wanke-wanke ya taya ni.

Nawa kiran ya zo daga baya. Labari ba ya kwana a hanya tsakanin Handsworth da zango. Yayana Fuseini ne, bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ji Allah ya buɗa mini, shi kuma ya ga wani keke mai ƙafa uku na haya, in ya samu zai mayar mini kafin shekara. Yaya Fuseini shi ya goya ni zuwa makarantar allo. Ban taɓa ce masa a'a ba. Na duba, Baban Amina yana tsaye a ƙofar kicin.

Na ce, "Yaya, ba zan ce maka babu ba. Akwai. Amma kuɗin hanyata ne zuwa wurin Mma ran da ta buƙace ni, da na asibitinta. Ba zan taɓa shi ba."

Sai na ji ya ce, "To. Rukaya an girma." Ban gane ko yabo ne ko fushi ba. Na ji ƙarar takalmi, da wata murya tana cewa a ba ta, a ba ta. Ashe Mma tana gefe tana jin komai.

"Rukaya."

"Na'am, Mma."

"Na ji abin da kika gaya wa yayanki. Zai huce, na san shi. Ki riƙe abinki da kyau." Ta yi tari kaɗan, sannan na ji dariya a muryarta. "Amma ki gaya wa mutanen bankin su gyara wa kuɗin wurin zama. Ni ba sauri nake yi ba."